Ra'ayinmu: "Birki ne ya tsinke" ba amsa ba ce

Duk wanda ya taso a Nima ko Maamobi ya san yadda labarin yake zuwa. Waya ta yi ƙara da rana tsaka, a ce mota ta faɗi da mutane a gangaren Aburi ko a hanyar Kumasi. A tambaya me ya faru, a ce birki ne ya tsinke. Kowa ya yi salati, a yi jana'iza, a yi addu'ar uku da ta bakwai, a watse. Direba in ya tsira da rai ya ce shi dai ya taka ya ji babu komai. Mai mota ya ce ai ya bayar da kuɗin gyara. Makaniki ya ce abin da aka kawo masa shi ya ɗaura. Mai shagon kayan gyara ya ce shi ma sarowa ya yi. Kowa ya zame, a bar birki da laifi, tunda shi ba shi da bakin kare kansa.

Wannan shafi yana ganin lokaci ya yi da za mu daina karɓar wannan amsa. Birki ƙarfe ne da mai da wasu 'yan kayayyaki da hannun mutum ya saya, hannun mutum ya ɗaura, ƙafar mutum ke takawa. In ya ƙi kamawa akwai dalili, kuma galibin dalilan ana iya ganin su tun mota tana tsaye a tasha.

Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato NRSA, sun nuna cewa a 'yan shekarun nan sama da mutum 2,000 ke mutuwa kowace shekara a hanyoyin Ghana. Ba duka ne birki ya kashe ba, akwai gudu, akwai barci, akwai ganganci wajen wuce mota. Amma ba mu manta da ranar 17 ga Fabrairun 2016 ba, lokacin da bas ɗin Metro Mass da ta taso daga Kumasi za ta Tamale ta yi karo da babbar motar tumatir kusa da Kintampo, mutum sama da 50 suka rasa rayukansu, rahotannin lokacin kuma suka ambaci matsalar birki. Hanyar arewa ce, hanyarmu ce. Babu wani Zango a ƙasar nan da ba shi da ɗa ko 'ya da ke bin ta.

Kuma mu ne a ciki ta kowane ɓangare. 'Ya'yanmu ne direbobin trotro da tasi, su ne yaran mota, su ne masu babur. Da yawansu makanikai ne, wasu suna da shaguna a Abossey Okai. Iyayenmu mata ne ke cika motocin da asuba za su sari kaya. Saboda haka maganar birki maganar cikin gida ce.

To, me ke faruwa a cikin taya idan direba ya taka birki? A gaban yawancin motoci akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Gefe da gefensa akwai wasu tafuka biyu, su ne makanikai ke ce wa fad. Idan aka taka, man birki ya tura su, su matse faifan kamar yadda mutum zai matse faranti tsakanin tafin hannunsa biyu. Gudun motar ba ɓacewa yake yi ba, komawa zafi yake yi. Aikin birki ke nan gaba ɗaya: mayar da gudu zafi, sannan ya saki zafin ga iska.

Zafin kuma ba ɗan kaɗan ba ne. A ɗauki trotro cike da mutane da kaya, nauyinta tan 3, ta sauko gangare mai tsawon mita 300 daga sama zuwa ƙasa. In direba ya bar wa birki shi kaɗai wannan aiki, zafin da zai tara ya isa ya kai ruwa kusan lita 30 ga tafasa, wato ya fi cikin galan ɗin Kufuor guda. Duk wannan zafi a kan faifai da fad da ba su fi faɗin tire da tafin hannu ba. Haka kuma gudu yana da nasa lissafi: motar da ke kilomita 100 a awa tana buƙatar birki ya sha zafi ninki huɗu na wadda ke kilomita 50, ba ninki biyu ba. In aka ƙara lodi, zafin ya ƙaru daidai da lodin.

Idan zafi ya wuce kima, birki yana mutuwa ta hanya biyu, kuma ya kamata kowane direba ya san bambancinsu. Ta farko, fad ɗin ne ke ƙonewa. Ƙaron da ya riƙe sinadaran cikinsa yakan fara narkewa yana hayaƙi, fuskar fad ta yi santsi kamar gilashi. Direba zai ji birki da tauri a ƙafarsa yadda ya saba, amma mota tana ta tafiya. Kafin a kai nan, hanci yakan ba da labari, domin warin ƙauri yana shigowa har cikin mota. Ta biyu, man birki ne ke tafasa. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake iya tura fad. Amma in ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Wannan shi ne "na taka na ji babu komai" da muke ta ji.

Abin takaici, bayan motar ta faɗi, in an bar ta ta huce, birkin yakan dawo kamar lafiyarsa ƙalau. Daga nan wasu su fara maganar aljanun hanya ko sammu. Babu aljani a ciki. Tururi ne ya huce ya koma mai.

A nan akwai darasin da za mu ɗauka daga masu tseren motoci, domin babu wanda ya san zafin birki kamar su. A filin tsere, direba yana taka birki da ƙarfi daga babban gudu, ya sake, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya sake takawa, haka har a gama. A motocin Formula 1 faifan birki yana kaiwa digiri 1,000, har ya yi ja kamar garwashi. Shi kansa birki mai faifai da ke motocinmu yau, a filin tsere ya yi suna, lokacin da motar Jaguar ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1953, saboda birkinta ya fi na abokan karawarta jure zafi. Mutanen nan ba sa shiga fili sai sun duba abu uku: wane fad ne a motar, yaushe aka canja man birki, kuma ta ina iska za ta shiga ta sanyaya faifai. Bayan sun gama gudu sukan yi zagaye guda a hankali don birki ya huce kafin su tsaya. Mutumin da ke ɗauke da ransa shi kaɗai ke nan, da hular kwano a kansa, ga motar asibiti tana jira a gefe. Ina ga wanda ya ɗauko rayuka goma sha biyar ko ashirin daga Madina zai hau Akropong ya sauko?

Gangarenmu ma filin jarrabawa ne. Saukowa daga Peduase zuwa Ayi Mensah, gangaren dutsen Kwahu zuwa Nkawkaw, na Mampong a yankin Asante, na Nakpanduri a arewa, duk suna tambayar birki irin tambayar da filin tsere ke yi masa. Har cunkoson cikin Accra, taka-saki taka-saki daga Circle zuwa Nima zuwa 37 cikin zafin rana da cikakken lodi, yana cin fad fiye da yadda masu motoci suke zato.

Sai mu zo kan zaɓen fad, inda kuɗi ke shiga, kuma inda aka fi cutar mu. Fad iri-iri ne. Akwai mai taushi da aka haɗa da zare da roba da ƙaro, ba ya ƙara, yana da sauƙin kuɗi, amma shi ya fi saurin gajiya da zafi. Akwai mai haɗin ƙarfe, wanda ya fi jure zafi da nauyi, ko da yake yakan yi ɗan kuka kuma yana cin faifai. Akwai na seramik, mai tsabta da daɗewa, wanda ya dace da ƙaramar motar gida. Motar haya mai ɗaukar nauyi da bin gangare tana son fad da aka yi don nauyinta, ba duk wanda ya shiga ramin ba. Fad biyu suna iya zama girma ɗaya, kama ɗaya, kwali ɗaya, amma ɗaya ya riƙe mota a ƙasan dutse, ɗaya ya sake ta tun a tsakiya.

Akwai alamomin da mai saye zai duba. Fad ɗin da aka yi wa gwajin Turai yana ɗauke da lamba mai 90R a jikinsa, alamar cewa kamunsa bai yi nisa da na asalin da kamfanin motar ya sa ba. Da yawa kuma suna da haruffa biyu a gefe, kamar FF ko GG. Na farko yana nuna kamun fad a matsakaicin zafi, na biyu kamunsa idan ya yi zafi sosai, kuma G ya fi F, F ya fi E. In ka ga FE, fad ɗin da kansa yana gaya maka cewa ƙarfinsa raguwa yake yi idan wuta ta yi wuta. Mun san masu jabu ma sun iya buga lamba. Shi ya sa alama ita kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da shagon da aka sani, da rasit, da mutumin da gobe za ka iya komawa ka same shi.

Kowa ya san yadda ciniki yake a Abossey Okai, ko Kokompe, ko Suame Magazine a Kumasi. Ka tambayi fad, a ce maka wanne kake so, na asali, ko mai bi masa, ko na hom-yus, ko wanda aka sake liƙa wa fuska. Akwai 'yan kasuwa masu amana a wuraren nan, da yawa ma, waɗanda za su gaya maka gaskiya ko da za ka tafi wani shago. Amma akwai masu sa kayan banza a kwalin kamfani. Fad ɗin da aka liƙa da gam a bayan shago, ranar da ya sha zafi fuskarsa tana iya ɓarewa gaba ɗaya, ƙarfe ya hau ƙarfe. Shi kuwa na hom-yus, wani ya riga ya ci rabinsa a Jamus ko Koriya, kuma babu wanda ya san irin wutar da ya sha kafin a ciro shi. Ana iya sayen ƙofa ko fitila ko madubi na hannu. Fad da man birki, a sayi sabo. Araha ba ta ado, a nan kuwa har likkafani take sayowa.

Sabon fad yana da kauri kamar milimita 10 zuwa 12. Idan ya sauko milimita 3, ya gama aiki. Siririn fad yana barin zafi ya ratsa shi da sauri ya isa ga mai, saboda haka wanda ya ce bari a ƙara mako biyu da shi yana gayyato matsala ta biyu a kan ta farko. In an sa sabo kuma, a ba shi lokaci ya zauna da faifai, a yi ta taka shi a hankali a hanyar da babu cunkoso kafin a ɗauki fasinja a nufi dutse.

Man birki shi ne marayan mota, babu mai tuna shi sai ya ragu. Alhali yana da wani hali: yana shan danshin iska. Sabon mai mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 140. DOT 4 kuwa daga 230 yake saukowa 155. A gari irin Accra, bakin teku, ga damina biyu a shekara, danshi ba ya yankewa. Yawancin kamfanonin mota suna cewa a zubar da shi duka a sa sabo duk shekara biyu. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, trotro nawa ne a tashoshinmu aka taɓa yi wa haka? Abin da aka saba shi ne ciko, daga gorar da ta kwana wata shida a buɗe a ƙarƙashin kujerar direba. Har yanzu kuma ana jin labarin masu zuba ruwan omo in mai ya ƙare a hanya, da masu toshe bututun taya ɗaya in yana yoyo, mota ta ci gaba da lodi da birki uku. Wanda ya yi haka ya ɗauki mutane, ya san abin da ya aikata.

Muna da magana ta musamman ga samarinmu. Kowace Sallah ana ganin yadda babura da motoci ke cika titin Nima da na Kanda, ana ɗaga taya, ana juyi, ana ƙona roba, yara ƙanana suna tsaye a bakin hanya suna ihu. 'Yan sanda da malamai da sarakunan Zango sun sha yin gargaɗi. Yanzu kuma wasu suna kallon bidiyon tsere a YouTube da TikTok, su yi odar fad ɗin tsere su ɗaura, suna ganin sun ƙara wa motarsu tsaro. Ku sani, ainihin fad ɗin tsere an yi shi ne don ya kama bayan ya yi zafi. Da sanyin safiya, a takun farko, lokacin da yaro ya ɓullo daga lungu da gudu zai tsallaka titi, yana iya kasa kamawa kamar fad na yau da kullum. Ga cin faifai, ga ƙara. Abin da ya dace da fili bai dace da unguwa ba. Dokar hanya ta 2012, L.I. 2180, ta sa iyakar kilomita 50 a awa a cikin gari, 30 kuma kusa da makaranta da kasuwa da wurin ibada. A Nima da Maamobi, ina ne ba kusa da ɗayan ukun nan ba?

Ba mu ce sha'awar mota laifi ba ce. A cikin yaran nan akwai masu hannu da ƙwaƙwalwar da za su iya zama manyan injiniyoyi. In da masu hali da hukumomi za su samar da killataccen wuri a wajen gari, mai shinge da dokoki da ma'aikatan lafiya, da an rage jinin da ake kwasa zuwa asibitin Maamobi da na 37 ranar da ya kamata a ce ana cin tuwon Sallah. Kafin a samu hakan, titin da uwarka ke tsallakawa ba filin gwaji ba ne.

Ga direbobi, abin da tsofaffin direbobi suka sani tun zamanin manyan motocin katako bai canja ba. Giyar da ka hau dutse da ita, da ita za ka sauko. Bari inji ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki. Kada ka ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Taka sosai, gudu ya ragu, ka saki ya sha iska. Kada ka sa mota a firi ko ka kashe inji don tsimin mai, domin man da za ka tsimta bai kai kuɗin awa ɗaya a Korle Bu ba. In ka ji ƙauri, ko ka ji birki ya fara laushi, nemi wuri ka tsaya, ka sa dutse a taya, ka jira ya huce da kansa. Kada ka watsa wa faifai mai zafi ruwa, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Fasinja za su yi mita, ka bar su su yi. Mai mita yana da rai ke nan.

Amma ba adalci ba ne a ɗora wa direba komai. Direban da mai mota ya yanka wa kuɗin da zai kawo kullum, ga mai ya yi tsada, ga na tasha, ga na hanya, in ya ce a canja fad a ce masa ya cire daga nasa, me ake tsammanin zai saya? Alhaji mai mota, Hajiya mai mota, wannan nauyi a wuyanku yake. Wanda ke karɓar kuɗin yini shi ya kamata ya ware na birki da taya, ya je da kansa ko ya aiki wanda ya yarda da shi, ya ga abin da aka ɗaura. Cewa "ban sani ba" ba za ta wanke wanda bai so ya sani ba. Haka makaniki: in an kawo maka fad ɗin da kai ba za ka sa a motar da 'ya'yanka za su shiga ba, ka ce ba ka ɗaurawa. Za ka rasa aikin yini, ba za ka rasa sunanka ba.

Hukumomi ma suna da tambayoyin da za su amsa. Doka ta ce motar haya ta je gwajin DVLA duk wata shida. To, takardar da ke manne a gilashi tana nufin an gwada birkin a kan na'ura, ko tana nufin an biya kuɗi ne kawai? Muna kira ga DVLA ta tsananta gwajin birki a kan motocin haya, har da duba lafiyar man. Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana da jami'an kwastan a tashar Tema su sa ido a kan fad da man birki da ke shigowa kamar yadda ake sa ido a kan magani, domin jabunsu duka kisa suke yi. 'Yan sandan MTTD da NRSA kuma, in an yi haɗari, kada rahoto ya tsaya a "birki ya tsinke". A faɗa wa jama'a wane ɓangare ne ya lalace, yaushe aka gwada motar, wa ya sa hannu. Ranar da aka fara bin sawun fad tun daga ramin da mota ta faɗa har shagon da aka saye shi, ranar kasuwar jabu za ta fara mutuwa.

Mu ma akwai abin da za mu iya tun yau, ba sai mun jira gwamnati ba. Rassan GPRTU da ke tashoshin unguwanninmu suna iya sa doka cewa motar da za ta yi doguwar tafiya ko ta hau dutse sai an leƙa fad da mai kafin ta shiga layi. Aikin minti goma ne. Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin matasa da ke ɗaukar hayar bas bayan Sallah zuwa lambun Aburi ko Boti, kafin ku yi cinikin kuɗi ku tambayi yaushe aka duba birki, kuma kada ku cusa yara fiye da kujeru. Shugabannin makanikai su tara yaransu su koya musu bambancin fad da fad. Fasinja kuma, in ka ji warin ƙauri a gangare, buɗe baki ka yi magana. Kunya ba ta tsayar da mota.

Mun yarda da ƙaddara, babu mai wuce ranarsa. Amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa sakaci tawakkali ne ba. Wanda ya san fad ɗinsa ya cinye, ya san mansa ya yi baƙi, ya ce a hau Allah zai kiyaye, amanar mutane ya ci. Saboda haka in an sake kiran waya aka ce birki ne ya tsinke, mu yi wa mamatan addu'a, sannan mu tambaya: wa ya sayi fad ɗin, a ina, nawa, kuma wa ya ce motar ta hau hanya?

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.